Tafiya bisa hanyar tiyon gaz, daga Bolibiya zuwa Burazil

Bolibiya da Burazil ƙasashe biyu ne maƙwabta cikin Amurka ta Kudu. Bolibiya ba ta da bakin teku, kamar Nijar. Amma Allah ya ba ta gaz ƙarƙashin ƙasa. Gaz iska ce mai cin wuta, ƴar'uwar man fetur. Da ita ake dafa abinci, ake tada injunan wutar lantarki da na manyan masana'antu. Burazil kuwa tana da manyan birane masu bukatar gaz. Shi ya sa suka shirya shimfiɗa babban tiyo na ƙarfe tsakaninsu. An soma aiki cikin shekara 1997, gaz ta soma gudana cikin 1999.

Tsawon tiyon kilomita 3150 ne. Ya fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau uku. Faɗin bakinsa wajen mafari santimita 81 ne. An bizne shi cikin ƙasa. Matafiyi ba ya ganinsa, sai hanyar da aka share bisansa, da tashoshin injuna masu tura gaz gaba.

DAJIN CAKO

Tiyon ya tashi daga wani wuri mai suna Riyo Garande, kusa da birnin Santa Kurus. Daga nan ya nufi gabas, ya shiga dajin Cako. Wanda ya san Sahel ba zai yi baƙunta a Cako ba. Ƙasa ce mai zafi da ƙaya da ƙarancin ruwa. Gulbinta mai suna Farafeti yana cika da damana, da rani sai rairayi.

A bakin gulbin nan Gwarani suke zaune. Talakawa ne masu noman masara da kiwon awaki. Suna farauta, suna ɗibar zuma. Cikin 1995 suka sa gwamnati ta keɓe wani babban daji mai suna Ka'a-Iya, wanda ya fi ekta miliyan 3. Tare da su aka soma tsaronsa.

Da labari ya zo tiyo zai ratsa dajin, hankalinsu ya tashi. Sun san hanyar da aka share ƙofa ce. Ta nan masu saran itace da maharba da shanun masu kuɗi za su shigo. Kuma yawancin ƙauyukansu ba su da takardar mallakar ƙasa. Wanda ba shi da takarda, ko kakansa ne ya sari gona, gobe ana iya tashe shi.

Ba su tafi ɗaya ɗaya ba. Ƙauyuka suka haɗu ƙarƙashin ƙungiyarsu da shugabanninsu. Suka jawo maƙwabtansu, Ayoreyo da Cikitano. Suka zauna da masu aikin tiyo tun ba a gina rami ba. Cikin 1997 aka sa hannu kan yarjejeniya. Aka ware kuɗi don auna ƙasarsu da ba su takardu, da kuɗin ayyukan ƙauyuka, da na tsaron daji. Aikin takardun ya yi jinkiri ƙwarai, ba su samu duk abin da suka nema ba. Duk da haka ekta dubu ɗaruruwa ta shiga takarda da sunan al'ummarsu.

ƘASAR RUWA DA SHANU

Bayan kilomita 557 cikin Bolibiya, tiyo ya ƙetare iyaka kusa da garin Korumba na Burazil. Nan ƙasa ta sake kama. Fantanal ke nan, ɗaya daga cikin manyan fadamun duniya. Daga watan Nuwamba zuwa Maris ruwan sama yana zuba, gulabe suna ambaliya. Makiyaya bisa dawaki suna kora shanu zuwa tudu, in ruwa ya janye su komo. Akwai kadoji da damisa da tsuntsaye iri iri. Tiyo ya ratsa ta cikin laka, ya ƙetare gulbin Faragwai.

Daga nan ya bi gonakin rake da na waken suya, har jihar Sawo Fawulo mai masana'antu. Sai ya juya kudu, ya tsaya kusa da birnin Forto Alegire. An shirya shi ya ɗauki gaz mita kubik miliyan 30 kowace rana.

GAZ TANA ƘAREWA

Shekaru da dama Bolibiya ta samu kuɗi mai yawa. Amma tun bayan 2014 gaz ɗin rijiyoyinta ta yi ta raguwa. Cikin 2025 har gaz ta ƙasar Arjantina aka soma turawa ta cikin tiyon zuwa Burazil. Ƙasar da Gwarani suka sa a takarda kuwa tana nan inda take.

Wannan labari ya shafi mutanen karkara na Nijar. Cikin 2009, da kuma 2022, Najeriya da Nijar da Aljeriya sun sa hannu kan shirin tiyon gaz mai ratsa Sahara. Duk inda irin wannan aiki zai bi, akwai gona, akwai burtali, akwai rijiya. Ya kamata manoma da makiyaya su haɗa kai tun da wuri, su nemi takardun gonakinsu da na makiyayarsu wurin hukuma. Kuma kowa ya iya karanta takarda kafin ya dangwala mata yatsa.