Abin Da Na Koya A Bakolori

Ni mutumin Bakura ne. Sa'ad da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, ina cikin samarin da aka ɗauka aikin akawu don mun iya karatu da rubutu. Ƙasar Maradun da Talata Mafara ta cika da baƙi, kuɗi kuwa suka yawaita a hannun yara. Ran da aka yi albashi, da yawa cikinmu ba gida muke nufa ba, sai wurin mata masu zaman kansu. Manomin da bai san bihim ba yana can gonarsa lafiya, mu da muke taƙama da alƙalami mu ne muka faɗa rami.

A nan na ɗauko ciwon sanyi. Kunya ta hana ni zuwa asibiti, sai na sayi kafso a kasuwar Talata, na sha kwana uku. Da zafin fitsari ya lafa, na ce na warke. Ashe na riga na sa wa matata, ita kuwa ba ta ji kome ba, gama ciwon yakan ɓuya a jikin mace har ya toshe mata hanyar haihuwa. Shekara shida dangina suna ce da ita juya, ni ina jin su na yi shiru. Sai da likita ya auna mu duka biyu gaskiya ta fito, amma da na sani ƙeya ce.

To, 'yan'uwana da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ku sani takardar shaida ba laya ba ce. Ilmi yana tsare wanda ya yi aiki da shi ne kaɗai. Mai ilmi ya san gyambon tunjere yakan bushe da kansa alhali cutar tana cikin jini, har ta kama ɗa a ciki. Ya san mai ƙanjamau, wadda aka fara ba da labarinta a Nijeriya a 1986, ba a gane shi da ido, sai an auna jini.

Saboda haka ku tsare kanku daga zina. Wanda kuwa ya kamu, ya tafi asibiti tare da iyalinsa, ya shanye magani yadda aka rubuta. Ku kuma bar matanku su shiga aji, don kada a ɗora musu laifin da ba nasu ba. Allah Ya kiyashe mu, amin.