Sautin Faifai Daga Bakin Allura Yake Farawa

A ƙasar Gwarzo da Kabo, daga Getso da Kutama har Garo, ba a rasa gidan da ke da tsofaffin fayafayen garmaho jibge a ƙasan adaka, gadon iyayen da suka yi fatauci lokacin da gyaɗa ke da daraja. Yaron da ya tono su, ya so jin muryar Alhaji Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos yadda kakansa ya ji ta, abin da ke fara zuwa ransa shi ne ya shiga Sabon Gari ya sayo ƙatuwar lasifika da amfilifaya. Mu da muka ga jiya muka ga yau muna cewa ya dakata. Lasifika ba ta ƙirƙirar murya, abin da aka miƙo mata take ƙara wa ƙarfi, mai kyau ne ko gurɓatacce. Wurin da ake samun sauti ko a rasa shi ɗan tsinin nan ne da ido da ƙyar yake gani, shi da gidan da yake maƙale a ƙarshen hannun na'ura. Wanda bai daidaita wannan ba, kuɗinsa ya ɓata, faifansa kuma yana mutuwa.

Fuska ɗaya ta babban faifai zane ɗaya ne tak, siririn kwari da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, wanda in an miƙe shi zai kusa rabin kilomita. A bangon kwarin nan aka sassaƙa waƙar. Allura na bin sa tana karkarwa, karkarwar na motsa ɗan maganaɗisu kusa da naɗin waya a cikin gidan allura, a nan ake samun 'yar wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda ba. Kalangu da 'yan amshi da tarin makaɗi duk a cikin wannan 'yar wuta suke. Manomin Kabo da ke huɗa da garmar shanu ya san cewa in bakin garma ya karkace, ƙarfin shanu ba ya miƙar da kunya, sai dai ya hanzarta ɓarna. Haka allura take a kwarin faifai.

Kuskure mafi yawa, kuma wanda muka gada tun da can, shi ne ɗora kwabo ko sule a kan hannu idan allura ta fara tsalle. Tsallen yana tsayawa, shi ya sa aka yarda da dabarar. Amma gidan allura na zamani mai maganaɗisu nauyin da yake so bai wuce giram 1.5 zuwa 2.5 ba; samfurin AT-VM95 na kamfanin Audio-Technica, alal misali, giram 2 aka ce a ba shi. Kwabo ɗaya ya ninka wannan sau da yawa, sai allurar ta koma ƙwaƙule bangon da ya kamata ta karanta. Wasu kuma, don tausayin faifai, sukan sassauta hannun ya yi sakayau, su ma ba su tsira ba, domin allurar da ba ta zauna daram ba bugun bangon kwari take yi hagu da dama, wannan bugun kuwa yana fasa shi. Gyaran ba wuya. A juya dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, sannan a ƙara masa adadin da kamfani ya faɗa, in da hali a tabbatar da ɗan sikelin da masu awon zinariya ke amfani da irinsa. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a gindin hannu da ke hana shi rinjaya zuwa tsakiyar faifai. A sa shi a lamba ɗaya da nauyin. Bayan haka a duba zaman gidan allurar kansa. Ƙusoshi biyu ne ke riƙe da shi, kuma ana samun takardar awo mai layuka a intanet da ake bugawa a ɗora a kan na'ura don a ga ko ya miƙe. Alamar karkatarsa sananniya ce: waƙar farko ta fita tas, ta ƙarshe kusa da tsakiya ta riƙa shaƙewa, muryar mawaƙi tana tsatsa.

Sai batun da ba a cika sani ba, cewa fayafayen ba iri ɗaya ba ne. Tsohon nan mai nauyi, mai fashewa in ya faɗi, wanda ke juyawa sau 78 a minti, kwarinsa faffaɗa ne, allurarsa ta ninka ta sauran kauri wajen sau huɗu. Garmaho mai wani da hannu allurar ƙarfe yake ci, kuma ƙa'idarta a jefar da ita bayan faifai ɗaya, shi ya sa ake sayar da su ɗari-ɗari a 'yan gwangwanaye. Talauci ya sa ake maimaita su, har da wasa su a dutse, abin da ya cinye fayafai masu yawa. Na roba kuwa, mai juyi 33 da kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, da mai juyi 45 na RCA a 1949, kwarinsu siriri ne, in allurar ƙarfe ta bi ta kansu sau ɗaya sun gama aiki. Allurar lu'ulu'u ma tana da wa'adi, tsakanin awa 500 zuwa 1,000, bayan haka bakinta ya zama wuƙa. Duk na'urar da aka tsinta a ɗakin ajiya, ba a san tarihin allurarta ba, a ɗauka allurar ta mutu.

Mai hali zai ce to ai sai ya yi odar gidan allura mafi tsada a huta. Ban ga hikimar haka ba. Yawancin abin da ke hannunmu ya sha allurai marasa kyau shekara da shekaru, kuma allura mai tsini sosai, wadda aka yi don sababbin fayafai, tono tsofaffin raunuka take yi ta kawo su kunne. Mai zagayayyen baki, wadda ita ce mafi araha, ta fi yi wa tsohon faifai rangwame. Gidan allura mai sauƙin kuɗi da aka ɗaura daidai ya fi mai tsada da aka ɗaura a karkace. Abin da ya cancanci kuɗi shi ne barin 'yan na'urorin nan masu kama da akwati, waɗanda hannunsu ba shi da wurin awo kuma yana danna faifai da giram biyar ko fiye.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa wahalar me ake sha, alhali waƙar Bakandamiya ta Shata tana cikin kowace waya? Suna da gaskiya har wani wuri, ba kuma mai cewa a daina saurare a waya. Amma su tambayi kansu daga ina abin da ke wayar ya fito. Da yawa daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne, shi ya sa kalangu ke fita kamar daga cikin rijiya. Faifan da kamfani irin su EMI ya buga ya fi kusa da ranar da aka yi kiɗan. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, ba mai sake shiga ɗakin ɗaukar murya da su, balle ƙananan makaɗan da sunansu bai kai intanet ba, waɗanda wataƙila faifan da ke adakar wani gida shi ne abin da ya rage na muryarsu. Turawan da suka ƙirƙiro wayar ma sun koma wa faifai, har a 2022 yawan wanda aka sayar a Amurka ya zarce na CD.

Yanayinmu na da nasa sharuɗɗa. Ƙurar hunturu yashi ce a cikin kwari, zafin bazara a ɗakin kwano kuma yana lanƙwasa roba. A jera fayafai a tsaye, a inuwa, cikin rigunansu, a share kowanne da burushi mai laushi kafin a ɗora, allura kuma a goge ta daga baya zuwa gaba. Ya ku 'ya'yana masu wannan gado, kada ku ɗora ko faifai ɗaya sai kun canza allura kun auna nauyinta. Ranar da sautin ya fita garau, ku haɗa na'urar da kwamfuta ku naɗi kwafi, ku rubuta sunan makaɗi da lambar da ke jikin faifan, ku raba wa 'yan'uwa.