Ƙayar Bushiya a Ma'aunin Ido

Cutar hawan jinin ido, wadda likitoci ke kira gulokoma, tana cin jijiyar gani sannu a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Shi ya sa ake auna matsin ruwan da ke cikin ido. Na'urar da aka fi dogaro da ita wajen wannan aiki ita ce wadda Hans Goldmann, likitan ido a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ya ƙera a shekarun 1950. Ana ɗiga wa ido maganin kashe zafi da wani rini, sai a dafa bakin na'urar a kan tantanin gaban ido har ya baje da'ira mai faɗin milimita 3.06. Mai awo yana hangen rabin zobe guda biyu, koraye, a cikin shuɗin haske. Zai yi ta murza maɓalli har gefensu na ciki ya haɗu, sannan ya karanta lamba.

A nan ne gizo yake saƙar. Zanen da ke jikin maɓallin biyu-biyu yake tafiya: 12, 14, 16. Rabin zobban kuma ba sa tsayawa cak, suna rausaya tare da bugun zuciyar majiyyaci. Dole mai awo ya yanke hukunci, ido da hannu kuwa sun fi karkata ga inda aka ja layi. In aka tattara sakamakon mutane da yawa aka zana jadawali, sai lambobin cika su miƙe tsaye, na mara su durƙushe. Wani rahoto da ya fito a mujallar likitocin ido ta Amurka a 2005 ya kamanta wannan siffa da ƙayar bushiya, kuma sunan ya dace.

Mai nazarin Hausa ba zai yi mamaki ba, domin harshen kansa yakan jingina da cikakkiyar lamba: 19 ita ce ashirin ba ɗaya, 18 ashirin ba biyu. Sai dai can lissafin daidai yake fita, suna kawai aka ara. A ɗakin awo lambar ce take gocewa.

An daɗe ana ɗaukar 21 a matsayin iyakar matsin da ba ya tayar da hankali, ga shi kuwa 21 mara ce. Idon da yake kan wannan iyaka, in aka rubuta masa 20 ana iya sallamar mai shi. In aka rubuta 22 ya shiga sahun waɗanda ake sa wa ido, da ƙarin gwaje-gwaje, wataƙila har da maganin ɗigawa na shekaru. Ba ha'inci ba ne, ba kuma lalaci ba, sabo ne da ƙwararre ma bai tsira daga gare shi ba. Saboda haka a manyan bincike akan raba aikin gida biyu: ɗaya ya murza maɓalli ba tare da ya dubi lamba ba, ɗaya ya karanta ya rubuta. Asibitin da likita guda ke fama da dogon layi ba shi da wannan mutum na biyu.