Daga Kwatar Wushishi Zuwa Bakin Teku



Da yawa daga cikinmu mun girma muna wanka a Kogin Kaduna ba mu taɓa tambayar ina ruwan yake zuwa ba. To, idan ka saki kwale-kwale daga nan Wushishi ka bi ruwa, za ka faɗa Kogin Kwara a wajen Muregi, garin Nufawan nan 'yan fito da suka gaji tuƙi kaka da kakanni. Daga nan sai Baro, sai Lakwaja inda Binuwai ke shigowa, sai Anaca. Bayan Anaca kogin yakan rabu reshe-reshe, ɗaya daga ciki ya kai ka Burutu, dab da teku.

Wannan hanya ba labarin ƙanzon kurege ba ce. Ita ce ta kawo Turawa ƙofar gidanmu. A Burutu ake sauke kaya daga manyan jiragen teku a loda wa ƙananan jirage masu hayaƙi su hauro. Saboda su ne Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Zungeru zuwa Wushishi a 1901, aka kuma ƙara shi zuwa Barijuko a 1902, don da rani jirgi ba ya iya isowa nan. Yau yaranmu ko sunan Barijuko ba kowa ya sani ba, wannan kuwa laifinmu ne manya da malaman tarihi baki ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne ƙarshen tafiyar. 'Yan uwanmu masu sayar da albasa da shanu a Warri sun sha ba mu labari: can ruwa ba ya bin hanya ɗaya. Sau biyu a kwana teku kan turo ruwa ya hauro cikin kogi, kamar awa shida yana cikowa, kamar awa shida yana janyewa. Ruwan ya zama na zartsi, ba ya shayuwa. Inda ka ɗaure jirgi da safe yana yawo a kan ruwa, da azahar sai ka tarar da shi a zaune cikin laka, saiwoyin itatuwa sun fito tsirara. Matuƙin can ba ya gaggawa. Yana jira ruwa ya fara janyewa ya bi shi zuwa teku, ya jira cikowa ta dawo da shi gida, mai kuwa ya yi masa saura. Kuma duk ikon Allah ne ta hanyar wata: kullum lokacin yana jinkirtawa da kusan minti 50, ranakun tsayuwar wata da sha huɗunsa kuma cikowar ta fi ƙarfi. Ma'ana, mai lissafin watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin ilimin.

Mu nan da can muna da namu lissafin. Ruwa ya cika a Agusta da Satumba, ya sauka da rani har yashi ya fito, kowane ɗan fito ya san haka. Yanzu akwai madatsar Shiroro tun 1990, ga ta Zungeru a samanmu. Sun kawo wuta, mun gode Allah, amma ruwan da ke wucewa ta Wushishi ya daina bin damina kaɗai. Ana iya wayar gari sararin sama garau, kogi kuwa ya ƙaru. Sanarwa takan fito a rediyo ko ta hannun hukuma, sai dai manomin da ya tsallaka fadama tun asuba da matan da ke dawowa daga kasuwa da yamma ba lalle ta riske su ba. Haɗarin jirgin Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa cikin Oktoban 2024 bai bar zukatanmu ba. Ko ba dalili ɗaya ba ne, ruwan ɗaya ne.

Shi ya sa muka ɗauki wannan nauyi. Duk sanarwar sakin ruwa da ta iso mu, za mu sa ta a wannan shafi nan take, mu kuma kai ta baki da baki ga Sarkin Ruwa da limamai. Masu jirage, don Allah a daina lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. Rigunan kariya da muke tara kuɗinsu, mai son ba da gudummawa ya tuntuɓi ma'aji kafin taron ƙarshen wata.