Satwa: Unguwar 'yan Filifin da ba a nunawa a hoton Dubai

DUK wanda ya taɓa sauka a Dubai, da wuya ya kwana ɗaya bai yi hulɗa da ɗan ƙasar Filifin ba. Su ne a kantar otal, su ne a shagon waya, su ne a asibiti, kuma idan ka kira lambar wani kamfani, sau da yawa muryar 'yar Filifin ce za ta amsa maka. An ƙiyasta cewa sun kai kimanin 700,000 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mafi yawansu a Dubai. Mutanenmu masu zuwa saro kaya a Deira, ciki har da furodusoshin da ke zuwa sayen kyamara da kayan sauti, sun saba ganin su a bayan tebur, cikin kwat, ga murmushi kamar ba su da wata damuwa a duniya. Amma mai karatu, ka taɓa tambayar inda suke komawa idan an tashi daga ofis? Da yawansu Satwa suke nufa, ni ma can na bi su.

Satwa tsohuwar unguwa ce da ke tsakanin babban titin Sheikh Zayed da unguwar masu kuɗi ta Jumeirah. Idan ka tsaya a tsakiyarta ka ɗaga kai, ga Burj Khalifa can yana ƙyalli, benen nan mai tsawon mita 828 da aka buɗe a 2010. Idan ka sauke kai kuma, sai ka ga gajerun gidaje, teloli, masu sayar da yadi, shagunan aski, gidajen canji da ƙananan gidajen abinci. Babban titin da ya ratsa ta a da Al Diyafah ake ce masa, yanzu sunansa Titin 2 ga Disamba. Da yamma ta yi sai wurin ya cika maƙil, ba abin da kake ji sai harshen Tagalog. Kalmar da ta fi yawo ita ce "kabayan", wato ɗan ƙasarmu. Mace babba "ate" ake ce mata, namiji babba kuma "kuya", kamar dai yadda muke cewa yaya.

Hayar gado

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne takardun da ake mannawa a bango da jikin fitilun titi, ana tallar wurin kwana. Ba ɗaki ake talla ba fa, gado ake talla. Za ka sami ɗaki guda an jera gadaje masu hawa biyu, irin na makarantar kwana, mutum shida ko takwas a ciki. Kowa ya zagaye gadonsa da labule, akwatinsa a ƙarƙashi, kayan ofis ɗinsa a rataye a gefe. Gadon ƙasa ya fi na sama tsada. Banɗaki ɗaya ne, kicin ɗaya, firij ɗaya, don haka kowa yakan rubuta sunansa a jikin robar abincinsa.

Wanda ya ɗan fi ƙarfi sai ya kama abin da suke kira fatishan, wato an yanka falo da falange an fitar da 'yan ɗakuna, kowane da ƙyar yake ɗaukar katifa. A 2025 hukumar birnin Dubai ta yi dirar mikiya a kan irin waɗannan ɗakuna da aka yanka ba bisa ƙa'ida ba, saboda haɗarin gobara, a unguwanni irin su Satwa da Al Rigga da Al Barsha. Mutane da dama sun kwashe kayansu sun koma nesa, wasu har Sharjah. Ga kuma rushe tsofaffin gidajen Satwa da ake yi ana gina sababbin benaye, wanda ya sa haya take ƙara tashi.

Kada ka ɗauka masu kwana a nan leburori ne kawai. A cikinsu akwai akanta, akwai sakatariya, akwai mai kula da takardun ma'aikata, yawancinsu da digiri. Akwai malaman makaranta da suka bar aji a gida suka zo suna amsa waya a ofis, don albashin ya fi. Wasu da bizar ziyara suka shigo, suka yi ta yawo ofis-ofis da takardunsu a cikin zafin da kan haura digiri 40 kafin a dace.

Daga asuba zuwa dare

Ranar ma'aikaciyar ofis tana farawa ne da layin wanka. Daga nan a ɗora shinkafa, domin ɗan Filifin bai ci abinci ba idan bai ci shinkafa ba, safe, rana da dare. A zuba a roba tare da adobo, wato naman da aka dafa da binega da tafarnuwa da ruwan waken suya. Wannan guzurin ofis shi suke kira "baon". Sayen abinci a waje kullum asara ce.

Sai a fita neman bas zuwa tashar jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki ranar 9 ga Satumba, 2009. Da safe cunkoso ne sosai, sai dai akwai tarago na mata da yara zalla, namijin da aka kama a ciki tarar dirhami 100 zai biya. A doka aiki awa 8 ne a rana, awa 48 a mako, amma ƙarshen wata idan ana rufe lissafi, akanta ba ya kallon agogo. Tun daga Janairun 2022 aka mai da hutun mako Asabar da Lahadi, sai dai kamfanoni masu zaman kansu da dama rana ɗaya tak suke bayarwa.

Wani abin tausayi shi ne maganar lokaci. Manila tana gaban Dubai da awa 4. Ƙarfe 6 na safe da uwa za ta tashi, yaranta suna aji. Ƙarfe 7 na dare da za ta dawo, can ƙarfe 11 ne, sun yi barci. Saboda haka hutun cin abincin rana shi ne lokacin iyali. Za ka gan ta a lungun bene, cokali a hannu ɗaya, waya a ɗayan, tana duba aikin gida na ɗanta ta bidiyo. Da yake kiran WhatsApp a toshe yake a ƙasar, da manhaja irin su Botim ake amfani. To me ya hana ta ɗauko yaran? Doka ta ce sai mai albashin dirhami 4,000, ko 3,000 tare da gidan kamfani, zai iya ɗauko iyali. Ko an cika wannan sharaɗi, kuɗin makaranta da na haya sun isa su cinye albashin kaf. Ina za a ajiye yaro a gado mai hawa biyu?

Albashi mai masu shi

Ranar da aka yi albashi, je ka ga layi a gidajen canjin Satwa. Kafin kuɗin su kwana an raba su: na makarantar ƙanne, na maganin tsohuwa, na ginin da ake yi a ƙauye, na bashin da aka ci aka yi tafiya. Alƙaluman babban bankin Filifin sun nuna cewa a 2023 'yan ƙasar mazauna waje sun aika fiye da dala biliyan 37 gida. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1974, a zamanin Shugaba Ferdinand Marcos, gwamnati ta shigar da tura ma'aikata waje cikin dokar ƙwadago, daidai lokacin da kuɗin mai ya buɗe ayyuka a ƙasashen Larabawa. Turancin da suke ji ya taimaka musu ƙwarai. A 1988 Shugaba Corazon Aquino ta kira su sababbin gwarazan ƙasa, kuma a 2022 ma'aikatar gwamnati sukutum ta fara aiki domin su kaɗai.

Bayan kuɗi kuma akwai kwali. A kusan kowane ɗaki za ka ga wani ƙaton kwali a kusurwa, wanda suke kira "balikbayan". Wata da watanni ake ciko shi: yau sabulu, gobe kifin gwangwani, jibi takalmin yaro da aka samu a rangwame, da cakulan. Idan ya cika sai a ɗaure shi da salatif a ba jirgin ruwa, tun wajen Satumba ko Oktoba, don ya isa kafin Kirsimeti. Wanda ya san yadda ake jiran tsarabar alhaji a gida zai gane darajar wannan kwali.

A Dubai ba a cire harajin albashi, wannan gaskiya ne. Amma kuma baƙo ba shi da fansho, kuma ko ya shekara 30, ko a nan aka haife shi, ba zai zama ɗan ƙasa don haka ba. Bizarsa tana rataye ne a wuyan aikinsa. Ranar da kamfani ya ce an gode, za a ba shi kuɗin sallama na kwana 21 a kan kowace shekara cikin shekaru 5 na farko, kwana 30 a kan shekarun da suka biyo baya, sannan ya sami wani aiki cikin wa'adin da aka ba shi ko ya kama hanyar filin jirgi.

Ranar hutu

Duk da haka ba mutane ne masu zaman tagumi ba. Mafi yawansu Kiristoci ne 'yan Katolika, ranar hutu sukan cika cocin St. Mary's da ke Oud Metha, wanda aka fara buɗewa a 1967 a filin da Sheikh Rashid ya bayar. Akwai kuma Musulmi a cikinsu, 'yan kudancin ƙasar, yankin Mindanao, da za ka haɗu da su a sahu a babban masallacin Satwa. Daga nan maza su tafi ƙwallon kwando, wasu su yi layi a Jollibee, gidan kaza na ƙasarsu da ya buɗe a Dubai Mall a 2015. Da dare kuma a jona makirufo a talabijin a yi ta rera waƙa har muryoyi su dushe.

A nan ne na ga abin da ya shafe mu 'yan fim. Tashar TFC tana kai musu finafinan gida har kan gadonsu, kuma masu shirya fim na ƙasarsu sun mai da rayuwar waɗannan mutane labari. A 2000 an yi "Anak", inda Vilma Santos ta fito a matsayin uwar da ta dawo daga aikatau a Hong Kong ta tarar 'yarta ta tsane ta. A 2005 darakta Rory Quintos ta yi fim mai suna "Dubai", da Aga Muhlach da John Lloyd Cruz a matsayin wa da ƙane marayu masu burin tsallakawa Kanada, sai soyayyar Claudine Barretto ta shiga tsakaninsu. A 2024 kuma "Hello, Love, Again", na Kathryn Bernardo da Alden Richards, ya zama fim ɗin Filifin na farko da ya tara sama da feso biliyan 1. Akwai soyayya, akwai kuka, duk abin da 'yan kallonmu ke so, amma an gina su a kan wahalar da mutane ke sha da gaske.

Mu ma muna da 'yan'uwa a Jidda, a Libiya, a Dubai ɗin kanta, masu kwana a matse suna aiko da kuɗin cefane. Ina furodusan da zai ɗauki labarinsu? Kai kuma matashi mai tara kuɗin biza, nema halal ne, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Sai dai kafin ka sayar da kekenka na ɗinki ko filin gado, ka tambayi wanda ya yi maka alkawarin aiki abu uku: nawa ne albashin a rubuce, wa zai biya kuɗin biza, kuma a ina za ka kwana.