Ranar da Bindigata Ta Ƙi Buɗuwa

Cikin gādon da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa, ni na sami bindiga mai baki biyu, irin wadda bututu ɗaya ke bisa ɗaya. An daɗe ana ƙera irinta a Turai, amma wadda ta yi suna ƙwarai ita ce ta John Browning, mutumin Amurka, wanda ya rasu a 1926, bindigar kuwa ba ta shiga kasuwa ba sai 1931. Tawa ta wani gida ce dabam. Na sabunta lasin da sunana, na riƙa fita da ita harbin zabi bayan an kawar da amfanin gona.

Kai mai karatu, in ba ka taɓa riƙe irin wannan bindiga ba, bari in kwatanta maka. A bisa wuyanta akwai wani ɗan ƙarfe kamar harshe, wanda ake turawa dama da babban yatsa. In an tura shi, sai ya ja wata sakata da ke ciki, bindigar ta karye biyu, a zare kwanson harsashi a sa sabo. In wannan ƙarfe ya ƙi motsi, abin da ke cikin bindiga ya zauna ke nan.

Wata safiya cikin hunturu muka fita da wana. Na harbi zabo da bututun ƙasa, na kuskure. Na sa yatsa in buɗe, ƙarfen ya tafi kaɗan ya tsaya cik. Na danna har yatsana ya yi ja. Haushi ya kama ni, na sunkuya na ɗauki dutse.

Wana ya riƙe hannuna, ya ce, "Kai, ka manta akwai harsashi mai rai a bututun sama?"

Wallahi na manta. Ya sa na juya baki ga wani suri, muka duba babu mutum babu dabba, na harba. Sa'an nan muka komo gida. A hanya na ɗora laifin duka a kan ƙanenmu, gama shi ya ɗauko mini ita makon da ya wuce, na kuwa yanke cewa ya yar da ita ya ɓoye mini. Da muka isa na faɗa masa haka a gaban mutane. Ya rantse, ban saurare shi ba.

Kashegari na kai ta wurin wani tsoho, tsohon soja, wanda ke da izinin gyaran bindigogi. Ya ɗiga kananzir a gindin ƙarfen, ya ajiye ta a rana, ya shiga tambayata labarin gida kamar ba abin da ya kawo ni. Can ya ɗauka, ya matse bututun da jikin bindigar da hannu ɗaya, ya tura ƙarfen a hankali, sai ta buɗe.

Ya ce, "Ɗana, taurin nan sai bayan an yi harbi yake zuwa, ko kullum?"

Na yi shiru, sa'an nan na ce, "Baba, gaskiya ya yi watanni yana ƙara nauyi, ko babu kome a ciki."

Ya ce to, wannan ya wanke harsashi. Ya bayyana mini cewa wani lokaci allurar da ke dukan gindin harsashi takan maƙale cikin ramin da ta yi, ko kwanso ya kumbura, amma wannan sai bayan harbi yake faruwa.

Daga nan ya cire itacen da ke ƙarƙashin bututu, ya zare bututun ya ajiye gefe. Ya danna wani ɗan maƙale da ke tsare ƙarfen, ya miƙo mini ya ce in gwada. Tauri yana nan yadda yake. Ya ce da ya saki yanzu, da mun san cutar tana inda sakata ke cizon bututu, watau datti ko bushewa ko kaushi. Tun da bai saki ba, tana can ciki.

Ya kwance kota da dogon sukudireba, gama ƙusarta tana ratsa itacen tun daga gindi. Ya duba cikin itacen da kyau, domin da damina yakan sha laima ya kumbura ya matse ƙarfe, ya bar tabo mai ƙyalli. Babu tabo. Babu kuma alamar lanƙwasa ko targaɗe irin ta abin da ya faɗi. Sifirin ma lafiya lau.

Sai ya kai ƙarfen hancinsa, ya sunsuna, ya dube ni.

"Wane mai kake sa mata?"

"Man gyaɗa, Baba. Duk ranar Jumma'a."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya sa tsinke ya kankaro wani abu baƙi mai danƙo kamar ƙaro. Ya ce man gyaɗa in ya daɗe a kan ƙarfe daskarewa yake yi, ƙurar hunturu ta haɗu da shi, sanyin asuba kuma ya ƙara masa tauri. Ni ina ganin kulawa nake yi, ashe shekara uku ina cusa mata danƙo.

Ya jiƙa ƙarafan cikin kananzir, ya goge da buroshi da gashin kaza, ya bar su suka bushe, ya sa ɗigo biyu na man keken ɗinki. Da ya haɗa ta, ƙarfen ya tafi da yatsa ɗaya.

Na lura in an rufe ta ƙarfen yana ɗan karkata dama, na roƙe shi ya sa magagari ya daidaita. Ya ƙi. Ya ce haka ake so, gama sakatar tana da sauran ƙarfe. Yayin da take cinyewa ƙarfen zai riƙa matsowa tsakiya, ranar da ya wuce hagu kuwa in kawo ta maza.

Na biya shi, na naɗe bindigar cikin buhu. Ban bi ta gida ba. Na tsaya kasuwa na sayi goro, na nufi rumfar da ƙanena ke ɗinki.