Kuɗin Mota Ya Kayar Da Ƴan Kallo

Yau zancen kokowa na zo da shi, amma na ɓangaren ƴan kallo, wato ni da kai. Yaushe rabonka da ka shiga mota ka tafi wani gari kallon kokowa? Ƙidaya da yatsunka. In ka tarar an jima, to, ba kai kaɗai ba ne.

In ka kai shekaruna ka san yadda ake yi a da. Da kaka ta yi, an yanke hatsi an kai dammuna rumbu, sai samari su share dandali. Ga farin wata, ga ganga. Ƴan kokowar wannan gari su tasam ma wancan gari, mu kuma mu bi su a ƙasa, mai jaki bisa jakinsa. Ba ka biyan ko tamma. Inda aka sauka nan ake cin tuwo.

A 1975, zamanin Seyni Kunce, gwamnati ta shirya kokowar ƙasa ta farko a Tawa. Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan ake kewayawa da ita jaha jaha. Yanzu jahohi 8 ne, kowace tana kawo ƴan kokowa 10, ka ga 80 ke nan, a yi wajen kwana 10 ana gwabzawa. Abin ya yi kyau, ya ɗaukaka kokowa, har filin Damagaram ma sunan ɗan kokowa yake ɗauke da shi, Langa-Langa. Sai dai babbar kokowa ta yi mana nisa. In ta bar jaharku, sai ku jira shekaru wajen 8 kafin ta komo. A tsakani kuwa, mai son gani da idonsa sai ya bi ta da mota.

Mu mutanen Gure a gabas muke, kome nesa yake da mu. Zuwa Damagaram kilomita 160 ne da ɗoriya, ka bi ta Gidigir da Gidimuni da Mirya. Zuwa Difa wajen 300. Agadas wajen 600. Doso ta haura 900. Yamai kam ta wuce 1000.

A 2018 an yi ta a Damagaram. Mu 12 muka tafi daga unguwarmu, muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu a Birni. Kowa ya riƙo garin hatsinsa da ɗan dabino na tsaraba. Muka kwana huɗu muka komo, ba wanda ya ci bashi. A ƙarshen 2022 aka yi ta a Difa. Hanyar nan tamu ita ce hanyar Difa, saboda haka motocin ƴan kokowa da makaɗansu ta gabanmu suka riƙa wucewa. Muka tsaya bakin kwalta muna ɗaga musu hannu. Cikin mu 12 ɗin nan, 3 kaɗai suka bi su. Da aka kai ta Agadas a ƙarshen 2023, da Doso a ƙarshen 2024, ko zancen tafiya ba wanda ya tayar a majalisarmu.

Kada ka ce son kokowa ne ya ragu. Lissafi ne ya ƙi fita. Zo mu yi shi tare, tun da yanzu ka iya.

A watan Agusta na 2022 gwamnati ta ƙara kuɗin gazwal. Lita ta tashi daga tamma 538 zuwa 668. Ƙarin tamma 130 ne, wato dala 26 a kowace lita. A ce mota tana shan lita 25 daga nan zuwa Damagaram. Dala 26 sau 25, dala 650 ke nan, wato jika 3 da dala 50, a zuwa kawai. Direba ba daga aljihunsa zai fitar da su ba. A kan fasinja zai raba, da kan buhun da ke bisa mota. Shi ya sa ƙarin man yakan same ka sau biyu: a tasha, da kuma a kasuwa wurin mai shinkafa.

Masu ƙananan motoci da ƴan kabu-kabu kuwa, da yawansu a da man ruwa-ruwa suke sha, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya. Arharsa ta zo ne daga tallafin da gwamnatin can take sawa. Ran 29 ga Mayu 2023 shugabansu Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Cikin ƴan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu a can, kwalbar nan tamu ma ta bi shi. Ba a daɗe ba aka yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa mana takunkumi, aka rufe iyaka. Ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairu 2024. Ka san taya da kayan gyaran mota da yawansu daga Kano suke zuwa. Ka san kuma abin da tiyar hatsi da ta shinkafa suka yi a watannin nan, ba sai na tuna maka ba.

Gaskiya a faɗe ta, a Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin mai. Isansi ya sauko daga tamma 540 zuwa 499, gazwal daga 668 zuwa 618. Amma a ganina kuɗin mota kamar ɗan akuya ne a kan katanga, hawa ba wuya, saukowa sai an yi ta fama. Ga shi ko bayan ragin, gazwal ya fi na farkon 2022 da dala 16. A Maris 2025 ma man ya yi wuyar samu, aka yi ta layi a gidajen mai. Wani abokina yakan ce abin mamaki ne, ga matatar SORAZ nan arewa da Damagaram tun 2011, ga man Agadem a gabas da mu. Nakan ce masa, maƙwabtaka da rijiya ba ta hana sayen guga. Dattawa kuma suna tuna 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, suna cewa sun taɓa ganin irin wannan.

Kuɗin mota kuwa kashi ɗaya ne. Akwai abinci a hanya, akwai kuɗin shiga fili. In ɗan kokowar jaharku ya yi kaye, ka zauna hannu rabbana ba ka yi masa kari ba? Da kunya. Ga tsarabar yara. Ga cefanen da za ka bar wa iyali. Ga lambunka a kwari da zai kwana biyar ba mai ban ruwa. Magidancin da ya auna duk wannan ya zauna gida, ni ban ga laifinsa ba. Wanda ya sayar da hatsin rumbu don kallo, shi za a yi wa faɗa in bazara ta zo.

Abin da ya fi damuna shi ne na yara ƴan makaranta. Ɗana yana kwaleji, yana buga ƙwallo. Wata shekara aka shirya musu wasa da ƴan wata makaranta a wani gari da ke kan hanyar Damagaram. Mushensu ya je tasha ya yi ciniki, ya dawo ya raba kuɗin a kan iyaye. Wasu suka bayar, wasu suka ce a yi musu haƙuri. Abin da aka tara mota guda ya ɗauka, ta ƴan wasa kawai. Abokansu da suka yi sati biyu suna koyon waƙar zuga, da ganguna na gwangwani, aka bar su tsaye a ƙofar makaranta. Da ɗana ya komo ban tambaye shi ko sun ci ba, fuskarsa ta gaya mini. Abin da ya ce shi ne, "Baba, ko mutum ɗaya ba wanda ya kira sunana." Yaron da bai taɓa wuce Gidigir ba, irin wannan tafiya ce takan fara nuna masa duniya. Can yake ganin wata makaranta, ya yi aboki, ya ga akwai waɗanda suka fi shi gudu. In an daina zuwa, har wannan an rasa.

Za ka ce ai ga rediyo, ga telebijin, ga salula. Haka ne, kuma mun gode. Muryar Sahel tana kawo mana kokowa kai tsaye, Télé Sahel tana nunawa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga mota ba ta san Isaka Isaka na Doso, ta san ya ɗauki takobi a Difa, ya sake ɗauka a Agadas. Ni ma nakan zauna wurin mai shayi mu kalla. Amma ɗan kokowa ba ya jin ihun da ake yi a gaban telebijin. Tambayi duk wanda ya taɓa ɗaura laya ya shiga fili. In makaɗi ya kama kirarinsa, mutanen garinsu suka miƙe tsaye, wani ƙarfi yake ji. In ya waiwaya bai ga nasa ba, gwiwa takan yi sanyi. Mutanen jahar da ake yi a gidansu su ke cika fili, na nesa kamar mu sai ƴan ƙalilan masu hali.

Akwai wani abu kuma. Kafin a je kokowar ƙasa, sai an yi zaɓe tun daga ƙasa, a gunduma, sa'an nan a jaha. Waɗannan kusa da mu ake yin su. Mutumin Kelle ko na Bune zai iya zuwa Gure ran kasuwa da amalankensa, ya sayar da kayansa, ya yi kallo, ya koma. Amma na lura mun fara raina na gida. Mun saba ganin manya a telebijin, sai mu ga yaran unguwa ba su isa kallo ba. Kantu ma ai a dandalin ƙauye ya soma.

Mu a majalisarmu ga abin da muka yi. Mun kafa adashi, mu 12, kowa yana zuba dala 50 ran kasuwa. A sati dala 600 ke nan, wato jika 3. A sati 40 sun zama jika 120. Mun rubuta sunan kowa a littafi, wanda ya fi mu iya alƙalami shi ke riƙe da shi, wani dabam ke riƙe da akwati. Mun yarda kashi ɗaya cikin uku na yaran makaranta ne, a ƙara musu mota ta biyu ranar da za su fita wasa. Sauran na ajiye har ranar da takobi zai komo filin Langa-Langa. Mutum biyu sun riga sun ranci nasu, ɗaya don magani, ɗaya don suna, kuma ba wanda ya ce musu a'a. An dai rubuta.